Ƴar Kibiyar Tagulla da Faɗuwar Ninawa

Duk wanda ya taɓa zama gaban malamai ya ji sunan Ninawa, birnin da aka aiki Annabi Yunusa (A.S.) zuwa gare shi. Birnin nan ba tatsuniya ba ne. Kufansa yana nan a ƙasar Iraki, a bakin kogin Dijla, daura da birnin Mosul. A can da, shi ne babban birnin wata daula mai ƙarfi da ake kira Assuriya. Yau zancen kibiyar mutanen wannan daula za mu yi. Ba ma dukan kibiyar ba, ɗan ƙarfen nan na bakinta, wanda bai kai tsawon yatsa ba.

Amma ku lura da abu guda tukuna. Tsofaffin shekarun da za ku gani a nan, kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) ne, kuma baya-baya ake ƙirga su. Wato shekara ta 701 ta riga shekara ta 612. In lamba tana raguwa, zamani yana matsowa gare mu ke nan.

Daga wajen shekara ta 900 zuwa ta 612, babu sarakunan da ake tsoro a wannan yanki kamar na Assuriya. A lokacin da ƙarfinsu ya cika, ikonsu ya tashi daga duwatsun Iran ya kai har Masar. Suna da kekunan yaƙi da dawaki ke ja, suna da mahaya, da masu mashi, da masu majajjawa. Sarakunan sun sa gwanaye sun sassaƙa yaƙe-yaƙensu a kan manyan allunan dutse, aka jera su a bangon fada. In kun dubi allunan nan, ƴan baka za ku gani ko'ina. Sau da yawa bibbiyu suke tsayawa: ɗaya yana riƙe da wata doguwar garkuwa ta kara, ɗaya kuma yana bayanta yana harbi.

A shekara ta 701, Sarki Sanakerib ya kai yaƙi wani birni mai ganuwa da ake kira Lakish, kudu maso yamma da birnin Ƙudus. Sojojinsa suka tara duwatsu da ƙasa, suka yi tudu har bakin ganuwa, suka turo injunan fasa bango a kansa. Ƴan baka kuwa suna ta ruwan kibau bisa masu tsaron garin, don kada wani ya ɗaga kai. Da sarki ya koma Ninawa, sai ya sa aka sassaƙa wannan yaƙi a bangon wani ɗaki na fadarsa. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Layard ya tono allunan a tsakiyar ƙarni na 19 na zamaninmu, aka kai su Landan, babban gidan ajiye kayan tarihi.

Shi ma Lakish an tona kufansa. Daga 1973 zuwa 1994 wani masani, David Ussishkin, ya shugabanci aikin. Ya sami tudun nan da Assuriyawa suka gina. A kusurwar da yaƙin ya fi zafi, an tsinci kan kibiya fiye da 800. Wasu sun tanƙware, alamar sun bugi dutsen bango da ƙarfi, daga kusa. Kusan dukansu na baƙin ƙarfe ne, kaɗan na ƙashi. Siffarsu kamar ganye, faffaɗa, da ƴar wutsiya wadda ake cusawa cikin kyauro. Duk maharbin ƙasarmu da ya gan su zai gane su, domin haka maƙeranmu ke haɗa ƙarfe da kyauro.

Wannan bai ba kowa mamaki ba. Assuriya ƙasar baƙin ƙarfe ce. A fadar Sargon, uban Sanakerib, wani Bafaranshe mai suna Victor Place ya tarar da rumbun ƙarfe mai nauyin wajen tan 160. Motar da ke ɗaukar tan 10 sai ta yi sawu 16 kafin ta kwashe shi.

Abin da ya ba da mamaki daga baya ya zo. A cikin toka da gawayin biranen Assuriya da aka ƙone wajen shekara 90 bayan Lakish, sai ga wata irin kibiya dabam. Ƙarama ce, yawanci santimeta 3 zuwa 5. Nauyinta ƴan giram ne kawai, sau da yawa bai wuce 5 ko 6 ba. Ba ta da wutsiya. Rami gare ta a gindi, kyauro ne ke shiga cikinta, kamar yadda ƙota ke shiga cikin wani gatari. Wata tana da kaifi biyu, wata kaifi uku, kamar an haɗa wuƙaƙe uku baya da baya. Wata kuma tana da ɗan ƙugiya a gefe. Kuma da tagulla aka yi ta.

To, ga tambaya. Tagulla tsohon ƙarfe ne. Da ita kakannin Assuriyawa suka yi yaƙi ɗaruruwan shekaru kafin baƙin ƙarfe ya yawaita. Tana da tsada kuma, domin ba a haƙo ta haka nan daga ƙasa. Sai an haɗa jan ƙarfe da kuza, kamar kashi 9 na jan ƙarfe da kashi 1 na kuza. Kuza kuwa babu ita a ƙasar Assuriya. Tun wajen shekara ta 1900 fataken birnin Ashur suke sayen wadda ta zo daga gabas mai nisa, su ɗora wa jakuna tare da tufafi, su yi tafiyar wajen kilomita 1,000 zuwa wata kasuwa mai suna Kanesh, a ƙasar Turkiyya ta yau. Don me mutanen da suka san baƙin ƙarfe za su koma ga tsohon ƙarfe mai tsada? Wanda ya sayi garma, me zai sa ya koma ga kaftu da sanda?

Kallo kaɗai bai amsa wannan tambaya ba. Kuna iya ajiye kan kibiya a tafin hannu ku juya shi har magariba, ba zai gaya muku yadda yake tashi ba, ko yadda yake shiga nama. Saboda haka wasu masana suka ce, bari mu ƙera irinsa, da irin kayan da mutanen da suka yi aiki da su, mu harba mu gani. Wannan shi ne binciken kayan da ta hanyar gwaji. A ganina ita ce hanyar da manomi zai fi yarda da ita. In an kawo muku sabon irin gero, ai ba ku tsaya ga abin da aka rubuta a jikin buhu ba. Kukan shuka kunya biyu ko uku a gefen gona, ku jira kaka.

A maƙera

Gwaji na farko a bakin wuta ake yin sa, kuma a nan rabin amsar take.

Kun san muna da maƙeran baƙi da maƙeran fari. Maƙerin baƙi ba ya narka ƙarfensa. Yakan sa shi a wuta ya yi ja, ya ɗauko da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya yi ta duka da masaba. Kowace kibiya sai ya bi ta ita kaɗai: ya fitar da tsini, ya baje kaifi, ya ja wutsiya, ya mayar wuta sau da yawa. Haka maƙeran Assuriya suka yi. Ba su da wata hanya, domin baƙin ƙarfe ba ya zama ruwa sai zafi ya haura digiri 1,500, wutarsu kuwa ba ta narka shi a zuba. Tagulla kuwa wajen digiri 1,000 take narkewa. Gawayi mai kyau da zugazugi sun isa. Abin da ya zama ruwa, ana iya zuba shi cikin kowace siffa.

A gidan kayan tarihin nan na Landan akwai wani ɗan abu da ya fito daga yankin Mosul. Mazubi ne, wato abin da ake zuba narkakken ƙarfe a ciki ya ɗauki siffa, kamar yadda akwatin buga bulo ke ba laka siffa. Shi kansa da tagulla aka yi shi. Gunduwa-gunduwa ne, ana harhaɗa su su kama juna daram. A zubi ɗaya yana fitar da kan kibiya uku. A ƙasan kowane gurbi akwai ɗan tsinke a tsaye. Tagulla ta zuba ta kewaye tsinken, in ta daskare aka zare, sai ga ramin da kyauro zai shiga.

Ku gwada wannan da aikin maƙeran Agadas masu zubin azurfa. Su da kakin zuma suke fara siffanta abu, su lulluɓe da yumɓu, su gasa kakin ya tsiyaye, su zuba azurfa a gurbinsa. Don a fitar da abin, dole a fasa yumɓun. Kowane abu da nasa mazubi. Na Mosul kuwa ba a fasa shi. A buɗe, a fitar, a rufe, a sake zubawa, tun safe har yamma, yau da gobe.

Masu gwaji sun ƙera irin waɗannan mazubai na tagulla, sun yi aiki da su, sun koyi abubuwan da ba a rubuta ko'ina ba. Mutum zai zaci narkakkiyar tagulla za ta manne da mazubin tagulla. Ba ta mannewa, muddin an shafa wa cikinsa baƙin hayaƙi, domin ƴar tagullar da aka zuba kaɗan ce, nan da nan take daskarewa. Sun ga kuma dole a ɗumama mazubin tukuna. In yana da sanyi, ƙarfen yakan daskare a hanya, kaifi ya fito guntu. In akwai laima a ciki kuwa, ƙarfen na iya fantsama a fuskar mai zubi. In aka ƙara ƴar dalma cikin tagulla, takan fi gudu, ta shiga kowane lungu. Da aka auna tsofaffin kibau na wannan iri, an sami dalma a cikin da yawa daga cikinsu. Ashe da gangan masu zubin da suka sa ta.

Wani abu kuma: tsofaffin kibau da yawa suna da ƴar ɓula a jikin ramin gindinsu. Mai kallo na iya cewa an huda ta ne don wata hikima. Mai gwaji ya san yadda irin wannan ɓula ke samuwa, domin shi ma tana fito masa. In tsinken tsakiya ya ɗan karkata, ko tagulla ba ta cika wurin ba, sai bango ya yi rami. Masu yin su ba su damu ba. Sukan yanke saurar zubin, su bi kaifi da dutsen wasawa, su jefa cikin kwando. Kayan yaƙi ne na gaggawa, abin da za a harba sau ɗaya, wataƙila ba za a sake ganinsa ba.

Yanzu ku yi lissafi da kanku. Kilo 1 giram 1,000 ne. In kowane kai giram 5 ne, kilo guda zai ba da 200. Abin da ya lalace wajen zubi ba ya zama asara, a mayar da shi tukunya a sake narkawa. Tsadar tagulla ta ragu ke nan, tunda kaɗan ake ci. Kuma ba a bukatar babban gwani a kowane mataki. Gwani ɗaya ya sassaƙa mazubi, sauran aikin yara masu koyo ma sa iya: wannan yana zuga, wannan yana zuba, wancan yana wasawa.

Sannan duk kibau da suka fito daga mazubi ɗaya nauyinsu kusan ɗaya ne. Ku tambayi maharbi amfanin wannan. In kibau 30 na cikin kwarinsa duka nauyinsu guda, hannunsa ya san inda kowace za ta faɗi. In wannan ta fi waccan nauyi, kowane harbi sabon koyo ne.

Kaifi uku da rami a gindi, a ce maƙerin baƙi ya fitar da su da masaba a kan abu mai tsawon santimeta 4, aiki ne mai cin rai. Ga mai zubi kuwa, wahalar kaifi uku da ta kaifi biyu kusan ɗaya ce. Siffar kibiyar nan ƴar zubi ce. Kada kuma ku raina taurin tagulla. In an daddaka bakinta da sanyi, tana iya fin baƙin ƙarfe mai taushi tauri, irin wanda bai zama ƙarfen wuƙa ba.

A filin harbi

Kan kibiya ba ya tashi shi kaɗai. Yana bukatar kyauro, yana bukatar baka. Nan ma sai da aka ƙera.

Bakan manyan sojojin Assuriya ba itace kaɗai ba ne kamar namu. Haɗi ne. Itace a tsakiya, ƙaho a gefen da ke duban maharbi, jijiyar dabba a gefen waje, a manne su da danƙon da aka dafa daga fata ko kifi. Ƙaho yana jure matsi, jijiya tana jure ja. Yin baka ɗaya yakan ci watanni da yawa, har shekara, domin sai kowane shafi na danƙo ya bushe. Ƙasar Iraki ta cinye na Assuriyawa, amma busasshiyar ƙasar Masar ta ajiye ƴan'uwansu. A kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka buɗe a 1922, an sami irin wannan baka kusan 30.

Wasu mutum uku, Robert Miller da Edward McEwen da Christopher Bergman, sun ɗauki wannan aiki. McEwen gwanin ƙera baka ne. Suka yi baka irin ta Masar da Assuriya, wadda in an ɗaura mata tsirkiya take yin kusurwa a wurin riƙo, suka yi wasu iri-iri na wasu ƙasashe, suka harba, suka auna gudun kibau da na'ura. Sun buga abin da suka gano a 1986 da 1988. Bakan haɗi ta fi bakan itace zalla mai ƙarfi ɗaya da ita tura kibiya da sauri. Irin wannan baka tana iya kai kibiya wajen mita 50 cikin sakan guda. Kafin ku ce "ɗaya", ta ƙetare rabin filin ƙwallo.

Sun warware wata gardama kuma. A hotunan da, ana ganin maharba suna jan tsirkiya har bayan kunne, wani har kafaɗa. Mai kallo na iya cewa ƙarin gishirin masu sassaƙa ne. Da aka ja bakan da aka ƙera, sai ta lanƙwasa sumul har kusan mita guda ba ta karye ba. Masu sassaƙa abin da suka gani suka yi.

Gwajin harbi ya nuna dole baka da kyauro da kai su dace da juna. In kai ya yi wa kyauro nauyi, kyauro yakan lanƙwashe wajen tashi, kibiya ta bar hanya. Doguwar bakan Assuriya tana son doguwar kibiya mai ɗan nauyi, irin mai kan baƙin ƙarfe na Lakish. Ƴar kibiyar tagulla kuwa abokiyar gajeriyar baka ce, wadda ba ta cika kai mita guda ba, irin wadda mahayi zai juya a kan doki ya harba gaba ko baya.

Wace ta fi? Masu gwaji sukan harba cikin wani daskararren abu mai taushin nama, ko cikin gawar dabba, su auna zurfin da kowace ta shiga. Wani lokaci sukan ɗaure baka a jikin na'ura, don kowane harbi ya fita da ƙarfi ɗaya. Kibiya marar nauyi ta fi gudu, ta fi nisa. Mai nauyi ta fi kwasar ƙarfin baka, ta fi huda abu mai tauri. Faffaɗan kai irin na ganye yana yanka, amma in ya bugi ƙashi ko dutse yakan tanƙware, kamar na Lakish. Mai kaifi uku ba ya saurin tanƙwarewa, domin kowane kaifi yana tokare da ƴan'uwansa. Raunin da yake yi kuma baki uku gare shi, ba ya rufewa da kansa kamar tsaga guda, jini ya yi ta zuba.

Wutsiya da rami ma kowanne da halinsa. In kibiya mai wutsiya ta bugi abu mai tauri, wutsiyar takan koma ciki ta tsaga kyauro, sai fa in an naɗe bakinsa tam da jijiya. Maharbanmu sun san wannan, shi ya sa suke naɗewa. Mai rami ita ke riƙe da kyauro daga waje. Amma in an ja kyauron don a cire ta daga jikin mutum, sau da yawa sandar kan fito ta bar kan a ciki. In akwai ƙugiya, abin ya ƙara muni.

A nan ya kamata ku tuna bambancin kibiyarsu da tamu. Kibiyar ƙasar Hausa ba ta da gashi a gindi, kuma dafi ne ƙarfinta. Ko ƙwarzane ta yi, in dafin ya shiga jini, ta gama aiki. Kibau da ke kan allunan Assuriya suna da gashin tsuntsu a gindi, don su tafi nesa a miƙe. Ƙarfin shiga da faɗin rauni ne abin dogaronsu. Shi ya sa siffar ɗan ƙarfen nan ta zama babbar magana a wurinsu.

Saura sulke. Sojan Assuriya yakan sa kwalkwali mai tsini da riga mai ɓawo-ɓawo kamar na kifi, ƙananan faranti na ƙarfe ko tagulla da aka ɗinke a jere, wannan bisa wancan. An tono irin waɗannan faranti da yawa a Nimrud, ɗaya daga manyan biranensu. Wani mai bincike, Thomas Hulit, ya ƙera irin wannan sulke mai ɓawo, na tagulla da na ɗanyar fata, bisa samfurin zamanin da ya riga Assuriyawan nan, ya sa aka harbe su. Ya kammala aikinsa a 2002. Sulken ya tare kibau ƙwarai, musamman na tagulla, sai dai nauyi. Kafin shi, a 1977, wani mai suna Philip Blyth ya auna ƙarfin kibau marasa nauyi irin na Farisawa a kan kwalkwali da sulken tagulla na Girkawa. Ya ga yawanci ba sa huda su.

Ke nan ƴar kibiyar tagulla ba maganin sulke ba ce. Amma ba kowane soja ke da sulke ba, kuma mai sulken ma yana da fuska da wuya da hannu da ƙafa. Doki kuma babban abin hari ne. Wanda zai iya sakin kibau dubu-dubu daga nesa, ya kuma sake cika kwari washegari, ba ya bukatar kowace ta huda ƙarfe. In goma suka faɗi banza, ta goma sha ɗaya ta sami wuyan wani, ya ci riba. Ni a ganina a nan sirrinta yake: a maƙera ta ci nasara, kafin a zo filin daga.

Wa ya kawo ta?

Wasiƙun da Assuriyawa suka rubuta a kan allunan yumɓu sun ba da labarin wasu mahaya daga arewa. Wajen shekara ta 714, Sanakerib, tun yana yarima, ya rubuta wa ubansa cewa wasu mutane da ake kira Gimirrai sun karya rundunar sarkin Urartu, maƙwabcinsu na arewa. A zamanin Sarki Esarhaddon, ɗan Sanakerib, sai ga sunan wasu kuma, Ishkuza, waɗanda Girkawa ke kira Sikitiyawa. Har wani sarkinsu, Bartatuwa, ya nemi auren ƴar Esarhaddon. A cikin wannan ƙarni na 7 ne ƴar kibiyar tagulla mai rami ta bazu a yankin. Shi ya sa masana suka daɗe suna kiranta kibiyar Sikitiyawa.

Sai dai makami ba ya da ƙabila. Wanda aka harba da shi yau, gobe ya tsince shi ya kai wa maƙeri. Mediyawa na duwatsun Iran sun ɗauka, mutanen Babila sun ɗauka. Takardun yumɓu na Babila, na bayan faɗuwar Assuriya, suna ƙirga kayan sojoji su rarrabe iri biyu: kibau irin na Akkad, wato na gida, da kibau irin na Gimirrai. Tsohuwa da sabuwa suna tafiya tare cikin runduna ɗaya, kowace da bakanta. Saboda haka in an tsinci irin wannan kai a kufai, shi kaɗai bai isa a ce ga wanda ya harba shi ba. Mazubin Mosul kuwa yana nuna cewa a cikin ƙasar Assuriya kanta an zuba irinta.

A shekara ta 614 Mediyawa suka ci birnin Ashur. Sarkinsu ya ƙulla amana da Nabopolassar, sarkin Babila. A shekara ta 612 suka haɗu suka kewaye Ninawa. Ganuwar birnin ta kai wajen kilomita 12, da ƙofofi 15. Tarihin da mutanen Babila suka rubuta ya ce wata uku aka yi, sannan birnin ya faɗi. Sauran Assuriyawa suka gudu yamma zuwa Harran, suka ƙara ƴan shekaru, a 609 labarin daularsu ya ƙare. Kibiyar kuwa ta ci gaba. Farisawa suka gaje ta suka kai ta har ƙasar Girka. A 1939 an tono irinta da yawa a wani ɗan tudu a Tamofili, inda aka yi yaƙin shekara ta 480.

A 1989 da 1990, wani masani mai suna David Stronach da mutanensa suka tona ɗaya daga ƙofofin Ninawa ta kusurwar kudu maso gabas, Ƙofar Halzi. Sun ga mutanen birnin sun san abin da ke tafe. Sun ƙara gini a cikin ƙofar, sun matse hanyar har ta koma wajen mita 2, don kada abokan gaba su shigo da yawa lokaci guda. A cikin wannan matsattsiyar hanya aka sami ƙasusuwan mutane fiye da 10, kwance yadda suka faɗi, wani bisa wani. Akwai manya, akwai yara. Akwai doki guda. Ba wanda ya dawo ya binne su, bangon ƙofar ne ya rufta ya rufe su. A tsakanin ƙasusuwan, da kewayensu, an tsinci ƙananan kawunan kibau na tagulla.